Taku Uku a Bakin Ƙofa

A Bergen ruwan sama ne mai gida,
mu 'yan haya ne.
Kwana goma sha tara muka yi muna jiran gari ya bushe,
ni da Arnfinn da buhu arba'in na tsakuwa
da muka lulluɓe da tamfol.

Hanyar lambunsa gangare ce.
Duk kaka tsakuwa sai ta gudu kwata,
ya bi ta da manjagara ya maido ta gida.
Shekara talatin da ɗaya yana haka,
har ranar da ƙafafun Ingebjørg suka ƙi ta.
Keken da asibiti suka ba ta
ya kafe taku biyu daga dokin ƙofa,
taya na juyi a banza,
itacen tuffar da ta dasa da hannunta
yana can ƙasa, sai hange ta gilashi.

Shi ne ya kira ni.

Na ce masa dutse sai an wanke shi,
sai ya bushe ƙayau.
Ɗigon raɓa ɗaya, danƙon zai yi yana,
ya kumbura, ya ci amanarka kafin hunturu.
Ya ce to, mu jira.
Tsohon matuƙin jirgin fito ne, ya san jira.

Ran Talata rana ta leƙo.
Na haɗa ruwan danƙo biyu a bokiti ɗaya,
wannan kalar zuma, wancan kalar shayin da ya kwana.
Agogo a hannuna, injin kwaɓa na gurnani,
kowace ƙwaya ta sha, tana ƙyalli.
Ba a cika danƙo, haka aka koya mini.
Ka ba dutse abin da zai riƙe ɗan'uwansa
a inda kafaɗunsu suka haɗu,
ka bar 'yan ramukan tsakani a buɗe,
ruwa ya samu ta inda zai gangara ƙasa.

Baro, shebur, cokalin gini.
Gwiwoyina a kan katako,
ina shafe ina ja da baya,
minti ashirin gare ni kafin ya fara tauri.
Arnfinn na tsaye da tsintsiya
yana korar kyanwar maƙwabta
da ganyen da iska ke kawowa.
Ganye ɗaya ya kuɓuce masa.
Yana nan manne har yau, daidai kwana.

Washegari ya turo ta.
Taya ta bi hanya sumul har gindin tuffa.
Ta ɗora tafinta a jikin itacen,
ta daɗe ba ta ɗauke ba.
Mu sai muka juya muna kallon jiragen ruwa.

Bayan mako biyu wayata ta yi ƙara.
Eldrid, in ji ta, hanyarki ta yi kyau,
sai dai ta cika shiru.
Da, ina kwance nake jin dawowarsa,
ƙaras, ƙaras, ƙafar hagu ta fi nauyi.
Daga takun nake gane ko ya samo kifi.
Yanzu sai dai in ga mutum tsaye a kaina.

Na koma da cizal da guduma.
Can wajen ƙofar titi, inda kekenta ba ya zuwa,
na fasa aikina tsawon taku uku,
na kafa bakin ƙarfe,
na juye tsakuwa sako-sako, ba danƙo ko ɗigo.

Arnfinn ya ciro tsohuwar manjagara daga rumfa
yana mita, wai an dawo masa da aikin kaka.
Ya taka.
Ya koma baya, ya sake takawa.

Na ji ka, in ji ta daga taga.
Shigo da buhunan nan, hadari ya taso.