Laima Ɗaya

Mu sha biyu aka rufe a ɗaki na uku,
kotun Sligo, tagar da ba ta buɗuwa,
butar shayi mai tsatsa, agogon da ya yi gaba da minti huɗu.
Alƙaliya ta ja mana kunne kafin ta sallame mu:
"Abin da kuka ji a zauren nan, shi kaɗai ne duniya.
Ban da jarida, ban da tambayar waya,
kada ku bar kowa ya taɓa muku zancen."
Na gyaɗa kai.
Shekara talatin ina yanka gilashin taga,
na san abin da ƙaramar tsaga ke zama.

Yammacin Laraba muka tashi ba matsaya.
Bakwai sun ce Cathal Breheny ne ya cinna wa shagon wuta,
huɗu sun ce hoton kyamara duhu ne kawai da hular sanyi.
Ni ina tsakiya, ina juya cokali a kofin da babu sukari.

A tashar bas, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Wata tsohuwa ta matso, ta ɗaga laimarta bisa kaina.
Na gane rigar. Kwana tara tana benci na biyu, bayan wanda ake tuhuma.
Hannunta na ƙamshin sabulu da albasa.
Ta ce, "Ba abin da zan ce maka.
Sai dai yaron nan tsoron wuta yake tun yana ɗan shekara shida,
ko ashana ba ya ƙyastawa."
Na zuba wa titi ido.
Ta ce, "Ka gaida Nuala. Har yanzu tana asibiti, hawa na sama?"
Sai ga bas.

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.
Nawa ya ji, barci ya ƙaurace.
Gaisuwa ce, ko wuƙa ce a naɗe cikin gaisuwa?
Garin ƙarami ne, kowa ya san matar kowa,
wataƙila coci ɗaya suka yi, wataƙila layi ɗaya a kantin magani.
To wa ya gaya mata hawa na sama?
Na juya, na sake juyawa.
Abin da ya fi ci mini rai ba tsoron ba ne:
yaron ɗan shekara shida ne,
wanda babu lauyan da ya kira, babu wanda ya rantsar,
ya shigo kaina ya ja kujera ta sha uku.

Da safe na yagi takarda daga littafin awo.
Layi huɗu, hannu na rawa.
Na miƙa wa Malachy mai tsaron ƙofarmu,
ya karanta, fuskarsa ta rufe kamar shago.

Alƙaliya ta tambaye ni sau biyu ko na faɗa wa sauran.
Na ce a'a.
Ta gode mini da muryar da ake rufe fayil da ita,
ta ce in tafi gida, sha ɗaya za su ƙarasa.

A baranda na gan ta tsakanin 'yan sanda biyu,
ta ƙanƙance, jakarta a cinya,
laimar jingine da bango tana ɗiga a kan tayil.
Ba ta harare ni ba. Da ta harara, da na samu sauƙi.

Na hau hawa na sama da lemo uku a leda.
Nuala ta ce, "Yau ka fito da wuri."
Na ce wata ta ce in gaishe ki.
Ta ce, "Wace ce?"
Sai a lokacin na tuna ban san sunanta ba,
kamar yadda har yau ban san
wane hannu zan ɗaga ba, da ruwan bai sauko ba.