Om Dubu Ɗaya da Tamanin

Matakala ɗari da goma sha bakwai
daga bakin titi zuwa ƙofar Eduvigis Olguin.
Na ƙirga su, jakar aiki a kafaɗa,
teku a bayana yana ta wankin da ba ya ƙarewa.
Valparaiso ba ta san shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba.

Ta buɗe, fulawa har gwiwar hannu.
Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba:
"Mako uku ke nan burodina ɗanye.
Baya ya ɗan yi ja, ciki kamar taɓo.
Shekara arba'in ina gashi,
yau ɗana Baltasar ya ce hannuna ne ya tsufa,
wai in tattara in bi shi Santiago."

A bango na ga takardu a manne:
Gishiri, cokali biyu.
Yis, duba kwanan wata.
Kin kunna? Kin tabbata kin kunna?
Rubutunta ne. Na kau da kai.

Tanderu ya ce ya kai digiri ɗari biyu.
Na rataya nawa ma'aunin a tsakiyar raga,
muka zauna jira,
tana goge teburin da ba datti a kansa.
Minti ashirin.
Allura ta kai ɗari da arba'in da biyar,
ta toge, ta ce daga nan ba ta gaba.

Ban yi saurin yanke hukunci ba, zato zunubi.
Robar ƙofa lafiya lau, ba ta shan iska.
Ƙarfen wuta ya yi jajir daga kai har wutsiya.
Saura mutum ɗaya a gidan.

Na zare filogi, na bar shi ya huce,
ta ba ni shayi mai ɗaci, ban ƙi ba.
Sannan na durƙusa, tocila a baki,
na cusa kai inda burodi ke kwana.
Can ƙurya, sama, ta hagu,
ga ta nan, 'yar sanda, ba ta kai fensir ba.
Ita ke raɗa wa tanderu zafi ko sanyi,
shi kuwa bai da wani ido sai ita.

Sukuru biyu. Ɗaya ya ci tsatsa, ya yi gardama,
sai da na lallashe shi da ɗigon mai.
Na jawo waya sannu, kada ta suɓuce ta koma rami,
na raba mahaɗa, na ɗora bakin mita.

A ɗakin da ba zafi ba sanyi
mai lafiya kan ce om dubu ɗaya da tamanin.
Wannan ta ce dubu da ɗari uku, saura kaɗan.
Jikinta sanyi ƙalau a tafin hannuna,
tana rantsuwa zazzaɓi take yi.
Shi ya sa tanderu ke yanke wuta
tun ƙullu bai gama tashi ba,
ya koma gefe, wai shi ya gama aiki.

Na juya mata fuskar mita.
Na ce, "Ba hannunki ba ne."
Ta sa tabarau, ta karanta lambar sau biyu,
alhali na san ba ta san om ba.
Ta laluba kujera ta zauna.

Sabuwa na cikin jaka, a takardarta.
Mahaɗa ta ce ƙas, sukuru suka koma gida,
filogi ya koma bango.
Ɗari biyu, in ji tanderu.
Ɗari da casa'in da takwas, in ji allura.
Wannan saɓanin, ko ma'aurata suna zama da shi.

Ta kira Baltasar, ta miƙo mini waya:
"Karanta masa lambar. A hankali. Duka biyun."

Ta shiga ɓalle takardu ɗaya bayan ɗaya,
ta bar ta gishiri.
"Wannan tun ina budurwa nake mantawa."
Tsohuwar sandar ta hana ni tafiya da ita,
ta jefa ta aljihun tebur, cikin cokula.

Sai da ta gasa ta sallame ni.
Na gangaro, burodi na ƙona mini haƙarƙari ta cikin jaka,
na gutsura tun ban kai rabin hanya ba.
Ya gasu har zuciya.
Matakalar kuwa, ban ƙirga ba.