Inda Suka Yanke

A Kusiri, bayan tashar 'yan babur,
Abakaka ya rataya farin zanin gado a bango,
ya tada janareta, ya karɓi dala ashirin-ashirin.
Muka jeru a benci, gwiwa na gugar gwiwa,
ni da kakata, Inna Dudu,
wadda ba ta taɓa taka gidan kallo ba
sai da ta ji sunan kakanta a bakin yara.

Labarin Maikano ne, mai fito a kogin Lagon,
zamanin da Nasara ke kamun aikin dole.
Sun ba shi tsawo, sun ba shi fararen haƙora,
sun ba shi jirgin da ba ya yoyo.
Dare guda ya ƙetarar da mutum talatin,
ya koma ɗauko yaron da aka bari a gaɓa.

Daga nan komai ya rage sauri.
Alfijir ya yi ja kamar an yanka shi,
goge ya soma kuka ƙasa-ƙasa,
bindiga ta yi magana sau ɗaya.
Ya daɗe yana faɗuwa.
Jirgi ya bi ruwa ba kowa a ciki,
sandar tuƙi na binsa a baya kamar maraya.
Sai duhu. Sai sunaye suna hawa bango.

Mai faci ya ɓoye fuska a hula.
Falmata mai kunu ta manta da canjinta.
Ni ma wani abu ya tsaya mini a wuya.

A hanyar gida Inna ta ja tsaki.
"Ba nan ya mutu ba.
Harsashin kunnensa na hagu kawai ya ɗauka.
Ya ƙara shekara arba'in a duniya,
gajere, mai tari, mai rowar goro,
yana sayar da banda, ƙuda na rakiya.
In na yi ɓarna da takalmi yake jifa,
bai taɓa samuna ba.
Cikin talatin ɗin nan
biyu suka dawo gaishe shi,
ɗayan ma rance ya zo nema.

"Ranar Talata ya cika, da hantsi, ciwon ciki.
Maƙwabta na daka, akuya na cin igiyar shanya.
Ba wanda ya ja goge."

Muka wuce gada, fitilun Injamena na rawa a ruwa.
Ina tambayar kaina
me ya sa na yi wa na bango hawaye,
na Inna kuma na saurara kamar farashin gero.
Ashe mai almakashi ya san inda zai datse rai,
ya tsaya daidai inda zuciya ta cika,
ya kashe wuta kafin ta huce.
Shekara arba'in ta tari da banda
ba ta da wurin zama a zanin gado.

A ƙofar gida ta tsaya neman makulli,
ta daɗe tana lalube a bakin zane.
"Gobe ka tanadi dala arba'in."
Na ce, Inna, ba kin ce ƙarya ce ba?
"Ƙarya ce mana.
Amma ranar da muka kai shi hadari ya taso,
kowa na sauri, ga shanya a waje.
Ban samu na yi masa kuka ba."