Rariyar Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku da 'yan mintoci wayata ta yi kuka.
Na tashi da safa ɗaya, ɗayar ta shige wani wuri.
Tartu na barci, ƙanƙara ta ɗinke bakin kogi,
bututun ɗumama ɗaki yana ƙas-ƙas a jikin bango
kamar mai tauna tsakuwa.
Na buɗe allo.

Kore. Ko'ina kore shar.
Layin matsakaici ya miƙe abinsa
kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo.
Saba ɗari huɗu da sha biyu
a cikin gajimaren da bai taɓa zubar da ruwa ba,
kowacce na aiko numfashinta duk daƙiƙa goma,
an tara, an raba, an ce lafiya lau.

To wa ya tashe ni?
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Leelo ce ta faɗa min, shekarar da na fara aiki,
tana cin baƙin burodi, ɓurɓushi na zuba a madannai:
"Matsakaici maƙaryaci ne mai ladabi, Taavi.
Tara sun ƙoshi, ɗaya ya kwana da yunwa,
shi kuwa ya ce gidan nan an ci an sha."

Sai na ɗauko rariya.
Na ce: yankin arewa kaɗai. Layi bai motsa ba.
Na ce: sigar da muka saki ran Talata.
Ya ɗan yi tari, ya koma ya kwanta.
Na kasa su kashi-kashi
yadda kakata ke kasa dankali a ɗakin ƙasa,
manya nan, na iri can, masu tabo bakin ƙofa.
Layi ɗaya ya tsage ya zama bakwai,
bakwai suka haifi arba'in,
allo ya rikiɗe ya koma kwanon taliya.
Na yi zuru.
Wanda ya nemi ganin komai, ƙarshenta bai ga komai ba.

Na dawo baya, na haɗa kofi, ya huce ban kurɓa ba.
Can a kusurwar sama, inda ido ya saba wucewa,
ga wani ɗan akwati, rubutunsa kamar ƙafar tururuwa:
ban da na gwaji.
Hannuna ne. Na gane shi.
Watan Oktoba na ɗaura shi, ran da hayaniya ta ishe ni,
na ce waɗannan dusa ce, a zubar.
Ban sake waiwayarsa ba.

Na cire.

Jan layi ya miƙe tsaye tsam
kamar wanda aka daɗe da dannewa a ruwa.
Saba guda ce tak, an liƙa mata laƙabin da ba nata ba,
an kira ta ta gwaji, alhali aikin gaske take yi:
kantin magani a wani tsibiri, can yamma,
tun ƙarfe sha ɗaya takarda ba ta wucewa.
Mai tsaron dare, wai sunansa Endel,
ya danna sau sittin da ɗaya. Na ƙirga.
Da ya gaji ya ɗauki waya,
ya ce a yi haƙuri da ya tashi mutane,
amma akwai wata mata tsaye da yaro yana shaƙar numfashi.
Shi ya tashe ni. Ba allona ba.

Gyaran bai kai minti biyu ba.
Kalma ɗaya na goge, na rubuta wata.
Jan layi ya sauko a hankali, yana ɗingishi,
ya shige cikin 'yan'uwansa ya ɓace.
Ban san sunan yaron ba, allo ba shi da gurbin wannan.

A littafin aiki na rubuta: laƙabi ne ya kuskure.
Na tsaya. Na ƙara: rariyar kuma tawa ce.
Leelo za ta karanta da safe, ba za ta ce uffan ba,
wannan ya fi ciwo.

Motar kwashe ƙanƙara ta wuce, fitilarta na lasar rufi.
Safar tana ƙarƙashin kujera.
Na sa ta, na zauna,
ina bin sauran allunan ɗaya bayan ɗaya,
ina leƙa kusurwa.