Ƙoƙon Dogara

Shekara goma sha tara ina gadin ƙofar nan,
otal mai jan fenti a bayan Titin Faransa.
Ban taɓa kai ta baki ba, Allah ne shaida,
amma na san warinta yadda majemi ya san na jima.

Daga gaba fitilu ne masu ƙyaftawa,
samari da kwalabe masu gumi, kiɗa na dukan ƙirji.
Ba su ne labarina ba.
Labarina yana can baya, gindin mangwaro,
inda benci biyu da tebur mai ɗingishi
ke jiran tsofaffi huɗu kowace Alhamis.

Kulob suke kiran kansu. Har da littafi,
har da ma'aji, har da tarar wanda ya makara.
Dogara, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ne shugaba,
sai Anyanwu mai gyaran agogo,
sai Jatau na gidan waya,
sai Bamidele tela, da ya fi ni karin magana.

Dokarsu ɗaya: kada kwalba ta hau teburin.
"Ruwan inji," in ji Dogara, "ba shi da uwa."
Sai dai burkutu, sai giyar Gwamma,
jar dawa da aka bari ta tsira,
kwana uku tsakanin wuta da randa,
a kawo ta da ranta, tana tsiyayar kumfa,
tana gunaguni a cikin ƙoƙo.

Su kurɓa, su yi shiru kamar alƙalai.
Can wani ya ce hayaƙi ya taɓa ta,
wani ya ce a'a, dawar bara ce,
musu ya tashi daga tukunya
ya faɗa kan kuɗin fansho da ba a biya ba.

Ni ina bakin ƙofa, da buta, da carbi.
In na miƙe don sallar isha'i
sai Dogara ya karɓi sandata:
"Je ka, Mantau, mu ne gadi."
In dare ya raba, ni ke tsayar musu da adaidaita,
in ƙirga su kamar awaki a ƙofar garke:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Sai lissafi ya fara zuba.
Bamidele ya koma garinsu a cikin akwati.
Idon Anyanwu ya daina ganin hannun agogo,
'ya'yansa suka zo da mota.
Jatau ya ji maganar likita;
yanzu ta tsallaken titi yake wucewa,
ya ɗaga hannu, ba ya juyowa.

Gwamma ta tafi tsakiyar damina.
'Yarta ta gaji randa, ba ta gaji haƙuri ba:
kwana ɗaya, sukari, shi ke nan.

Alhamis ɗin nan Dogara ya zo shi kaɗai.
Kurɓa ɗaya, ya ajiye.
"Ta mutu," ya ce. Bai ce wace ba.
Ya buɗe littafi, ya kira sunaye huɗu,
ya amsa ɗaya,
ya ci sauran tara, ya biya musu daga aljihunsa.
Da zai fita ya danƙa min ƙoƙon,
baƙi ƙirin, bakinsa ya side saboda shekaru.
Ban sake ganinsa ba.

Na wanke shi sau bakwai, har da ƙasa,
warin bai yarda ya fita ba.
Ban iya sha da shi ba,
ban kuma iya jefar da shi ba.

Yana nan gindin mangwaro, ina zuba masa ruwa.
Kurciyoyi ke zuwa da la'asar,
su tsoma baki, su ɗaga kai, su yi shiru.
Ranar Alhamis nakan ƙirga su.
Jiya uku suka zo.
Na ci ta huɗun tara a raina.