Kayen Kakana

A bayan kasuwar Puebla, daura da mai gasa masara,
akwai shagon wasan bidiyo, ɗan ƙuƙut, mai zafi.
Can na ja kakana Anselmo ranar Asabar,
yana ɗingishi, yana mitar kuɗin mota.

Shekara talatin ya yi yana kokawa, fuska a rufe,
ko maƙwabta ba su san shi ne Shahon Azurfa ba.
Bara waccan wasu samarin kamfani suka zo,
suka manna masa 'yan ƙwallaye a gwiwa da kafaɗa,
suka ce, "Baba, kayen nan naka, sau ɗaya tak."
Ya yi musu sau tara.
Kwana uku bai sauko daga gado ba.

Yau ga shi a allo, ƙirji kamar faifai,
ba furfura, ba tabon ɗinki a gwiwar hagu.
Na jefa peso biyu, na kama sandar:
ƙasa, ƙasa, gaba, jan maɓalli.
Ya sunkuci abokin karawa, ya wulwula shi sama,
ya dasa shi da ka, allo ya ɗau walƙiya.

Kaka ya matso har hancinsa na taɓa gilashi.
"Sun manta hannun," in ji shi.
"Wane hannu?"
"Wanda ake sawa a ƙeya kafin a kai ƙasa.
Wanda ka kayar yau, da shi za ku hau bas gobe,
kuma yana da bakuna huɗu a gida."

Sai ya ce shi ma zai gwada.
Yatsun da suka karye suka ɗore a karkace
suka yi ta lalube, Shaho na naushin iska.
Wani yaro, Efraín, ko goma bai kai ba,
ya maka shi da ƙasa sau uku, da kayensa.
"Tsoho, ba ka iya ba. Kawo in nuna maka."

Na buɗe baki, kaka ya taka min ƙafa.
Ya miƙa hannu, yaro ya ɗora nasa a kai,
ƙasa, ƙasa, gaba.
Dariya ta kama shi har da tari.

A hanyar gida na yi tuntuɓe a bakin kwata.
Ban kai ƙasa ba.
Tafinsa na nan a ƙeyata,
tun kafin in san zan faɗi.