Ƙaryar da Nake Yi wa Injin Kawu

Ƙarfe biyun dare a Mabera, an ɗauke wuta.
Zafi ya zauna mini a ɗaki kamar mai bin bashi.
Saura kashi talatin a batirin kwamfuta,
ga baƙin allo, ga ɗan ɗigon fari
yana ƙifta ido, yana jiran umarni.

A gefen tabarma 'yar ƙwaƙwalwar take kwance,
ba ta kai kwalin ashana ba.
Ita za ta riƙe injin ban-ruwan Kawu Altine
a fadamar Kwalkwalawa, inda albasarsa take.
To, fadama tana can, ni ina nan,
kuɗin kabu-kabu kuwa ba ya tsiro a aljihu.

Sai na zama ƙasa.
Na buga ɗari tara: na bushe, na tsattsage.
Allo ya amsa: a kunna.
Na buga ɗari uku: na sha, na ƙoshi.
Allo ya ce: a kashe.
Ko ɗigon ruwa babu a ɗakin nan
in ban da gumin da ke bin haɓata,
amma ta yarda.
Duk abin da na faɗa mata, yarda take.

Inno ta leƙo da tocila:
"Kai, da wa kaka magana cikin dare?"
Na ce da injin Kawu.
"Injin na nan?"
Na ce a'a.
Ta ce, "Allah shi sawwaƙe," ta ja ƙofa.

Na zama iska, na kaɗa tulluƙin cikin rijiya:
ɗaya, sifili, ɗaya, sifili, ɗaya.
Ta rikice, kunna-kashe, kunna-kashe,
sau arba'in kafin in haɗiye yawu.
Da a gona ne, da injin ya ƙone,
injin da Kawu ya sayar da bijimi ya saya.
Na koma na koya mata haƙuri:
in kin ji magana, ƙirga biyar tukuna.

Na zama ɓera, na gutsure waya.
Dubu da ashirin da uku.
Ta ɗauka fari ne aka yi,
ta buɗe ruwa ba niyyar rufewa.
Layi na sittin da bakwai, nan laifina ya ɓuya.
Gara in same shi a tabarma
da in same shi a idon Kawu.

Na jera ƙaryace-ƙaryacena a fayil guda,
kowace da sunanta,
na sake su a jere, ta tsallake duka.
Kwamfuta ta mutu daidai kiran assalatu.

Ran Talata muka dasa ta a gona.
Kwana shida tana aiki, Kawu har da kyautar albasa.
Ran na bakwai ya kira:
"Ɗana, ƙasa ta bushe, abinka ya ƙiya."
Na hau babur, na je, na duƙa.
Kwaɗo ne.
Ya sami sanyi a jikin ma'aunin damshi,
ya lafe da jiƙaƙƙen cikinsa,
yana shaida mata wai damina ta sauka.

Yau ma ba wuta.
Na buɗe fayil, na sauka ƙasan jerin,
na ƙara layi ɗaya, na sa masa suna kwaɗo.
Ɗigon fari yana ƙiftawa.
Ban san ko nawa zan buga ba.